Fenti a Ƙarƙashin Noti

Shekara ashirin da biyu ana gwabzawa tsakanin tsawa da mutumin da ake kira Samfefa, kuma ko sau ɗaya tsawa ba ta yi nasara ba. Haka yake faɗa. Haka matarsa ma take faɗa wa baƙi, da wata irin murya da ba a gane yabo ne ko gajiya. Ita tsawar dai ba a taɓa jin ta bakinta ba, kuma babu tabbacin ta san ana gasar.

Aikinsa ba shi da wuyar bayani. Kamfanin da yake wa aiki yana da ƙarafan sabis goma sha ɗaya, dogaye, waɗanda ake ɗaura wa farantai da akwatunan rediyo a can sama, domin mutanen ƙasa su samu intanet su yi gardama da 'yan uwansu. Tsawa ba sai ta faɗa kan ƙarfe take ɓarna ba. Ko a gefe ta sauka, wutarta takan biyo waya ta shiga akwati ta dafa abin da ke ciki. Saboda haka kowace waya, dab da inda za ta shiga rediyo, ana tare ta da wani ɗan akwati kamar gwangwanin kifi, wanda ma'aikata ke kira garkuwa. Idan wuta ta zo, garkuwa ta karkatar da ita zuwa wata 'yar waya mai kore da rawaya, wayar ta miƙa wa wata sandar tagulla, daga nan a gangara da ita har cikin ramin da ke gindin ƙarfe. Hikimar ke nan gaba ɗaya: a ba wuta hanya mai sauƙi zuwa ƙasa, kada ta nemi wata da kanta. Hanyar kuwa a wuri ɗaya take rataye, inda bakin waya ya kwanta a kan tagulla aka ɗaure da noti. Idan tsatsa ko datti ya shiga tsakaninsu, garkuwa ta zama kayan ado.

A nan ya samo sunansa. Da can mai haɗa wutar gidaje ne. A watansa na biyu a wannan aiki aka kai su kallon wani ƙarfe na wani kamfani da tsawa ta ziyarta. Ya buɗe akwatin, warin ƙonannen roba ya buge shi, ya ga kayan da aka ce sun fi gidansa tsada sun koma kamar ƙanzon tukunya. Sauran ma'aikata suna ta salati, shi kuwa ya bi waya har ya kwance wani noti, ya tarar da tsatsa wadda ba ta fi farcen ɗan yatsa faɗi ba. Tun daga ranar ba a sake ganin aljihun rigarsa babu samfefa ba, takardar nan mai kaushi da ake goge tsatsa da ita. Duk shekara, kafin ruwan farko, sai ya hau ƙarafan nan goma sha ɗaya, ya kwance kowane noti, ya goge tagulla har ta yi ƙyalli, ya shafa giris, ya ɗaure. Ba wanda ya sa shi. An sha gaya masa cewa shekara uku-uku ma ya isa, ya sha amsawa da cewa to, sannan ya hau.

A gida ma haka. Da zarar gabas ta yi duhu sai ya bi ɗakuna yana zare filogi. 'Ya'yansa mata huɗu sun girma ba su san ƙarshen fim ɗin da aka fara da damina ba. Ya goge hinjin ƙofa, ya goge murfin tukunya, ya goge maƙallin bokiti. Matarsa takan ce abin da ya cece ta kawai shi ne ba ta zama wuri ɗaya.

Abu ɗaya ne a harkar ba ya so. A gindin Ƙarfe na Bakwai, wanda ya fi sauran tsawo da mita arba'in da biyar ɗinsa, an ɗaura wata 'yar na'ura mai tagar gilashi, wadda aka ce tana ƙirga duk lokacin da tsawa ta faɗa kan ƙarfen. Samfefa ba ya duba ta, ba ya kuma son a yi maganarta. Ya ce aikin masu son kashe kuɗi ne.

Yana da shekara hamsin da bakwai aka kawo musu sabuwar shugabar sashe, wadda kowa ke kira Injiniya. Sa'ar babbar 'yarsa ce. Tana ce masa Baba, tana tashi ta ba shi kujera, kuma ba ta taɓa sassauta masa ko harafi ɗaya ba. Ta manna dokoki uku a bangon ofis: ba a hawa mutum ɗaya, ba a hawa idan hadari ya haɗu, kuma wanda hadari ya samu a sama ya ƙirga tsakanin walƙiya da ƙara, idan bai kai talatin ba ya sauko. Ta kuma tura kowa wurin likita. Likita ya murɗa gwiwar Samfefa ta hagu, ya ji abin da ya ji, ya rubuta dogon bayani. Sakamakonsa aka sabunta masa katin hawa na shekara ɗaya kacal, bisa sharaɗi. Injiniya ta karanta masa sharaɗin a tsaye: idan ya karya doka ɗaya, ko aka samu sakaci a ƙarfen da ya sa wa hannu, zai ajiye ɗamarar hawa ya koma sito. Sito wani ɗaki ne marar taga a bayan ofis, inda ake ajiye wayoyi da mutanen da ba a son a kora. Ya ce ya ji. A hanyar gida ya tsaya ya sayi samfefa sabuwa, ko da yake ta aljihunsa ba ta ƙare ba.

Yanzu sai a zo kan surukinsa. Mijin 'yarsa Auta mai fenti ne. Lokacin da ya zo neman aure Samfefa bai so ba, ba don wani dalili ba sai don a ganinsa fenti sana'ar rufe laifi ce. Daga baya ya je gidansu ya ga mutumin yana shafa bayan ƙofa da saman kabad, wuraren da ido ba ya zuwa, sai ya fara amsa gaisuwarsa da cikakkiyar murya. Da aka tashi sabunta ja da farin Ƙarfe na Bakwai, shi ya kai sunansa ofis, ya tsaya masa har aka koya masa hawa aka ara masa ɗamara. Mai Fenti ya yi kwana tara a jikin ƙarfen. Ranar da ya gama, ka'ida ita ce Samfefa ya hau ya duba daga sama har ƙasa, sannan ya sa hannu. A ranar gwiwar ta kumbura kamar an cusa mata lemo. Ya tsaya a ƙasa, ya ɗaga kai, ya ga ƙarfe yana sheƙi kamar sabon aure. Ya tuna ya riga ya goge notocin saman tun wata guda da ya wuce. Ya sa hannu a takardar da ke cewa ya hau.

Bayan mako biyu, ranar wata Asabar, Auta da mijinta suka zo cin abincin rana. An yi zafi tun safe, irin zafin da ke sa tsofaffi su riƙa leƙen gabas. Mai Fenti yana zaune a gefen tabarma, nesa kaɗan da surukinsa, yana nuna wa mata hotunan aikinsa a waya. Ganin an yaba, sai ya ƙara ƙarfin hali ya juyo.

"Baba, har ƙarƙashin waɗannan wayoyin masu kore na shafa," in ji shi. "Na kwance su ɗaya bayan ɗaya, na yi shafi biyu, na jira ya bushe, na mayar da kowace inda take. Wani da zagaye su kawai zai yi."

Samfefa ya ajiye cokali a hankali. Ya tambaye shi ita sandar tagullar fa.

"Ita ma. Ai ta fara sauya launi, ba kyan gani. Yanzu ja ce wur."

Ya tambayi noti nawa. Shida, duk na sama. Na ƙasa suna cikin akwati a kulle, ba a ba shi makulli ba, abin da ya ce har yanzu yana damunsa.

Matarsa ce ta fara lura da fuskarsa, domin ta san ta. Ita ce fuskar da yake yi kafin ya fara zare filogi. Ya tashi ya fita tsakar gida. A gabas hadari ya haɗu, baƙi ƙirin daga ƙasa, samansa fari kamar auduga, na farko a shekarar. Ya tsaya yana lissafi. Shafi biyu na fenti mai kyau tsakanin waya da tagulla, a noti shida: garkuwa shida sun zama gwangwanaye. Watakila zaren notin yana ɗan taɓa ƙarfe ta wani gefe, amma Samfefa bai taɓa barin aiki a hannun watakila ba. Idan ya kira Injiniya, tambayarta ta farko ita ce yadda aka yi ya hau ya duba bai ga jar tagulla ba. Idan ya yi shiru kayan suka ƙone, za a hau a kwance noti a ga fenti, a ɗauko takarda a ga hannunsa. Idan ya hau yanzu, shi kaɗai, hadari a kansa, ya karya doka biyu a tafiya ɗaya. Hanya uku, duk sito suka nufa. Ta ukun ce kawai take da wata 'yar kwana: idan ya yi sauri, kuma ba wanda ya faɗa.

Ya ɗauko jakar ɗamara daga bayan ƙofa. Matarsa ta tambayi ina zuwa, ya ce zai duba wani abu ya dawo. Ta ce shekara talatin da huɗu tana jin wannan wani abun, har yau ba ta san kamanninsa ba. Ya rataya jakar a kafaɗa. Ya ce wa surukinsa ya hau bayan babur.

A hanya ya yi masa bayani cikin jimla uku, iska tana kwashe rabi. Mai Fenti ya ƙara riƙe rigarsa. Da suka isa, leda da ganyaye sun riga sun fara tsere a kan titi, masu kanti suna janyo kaya ciki. Maigadin wurin, wani tsoho mai haƙori ɗaya a gaba wanda suka shekara goma sha biyar suna tsokanar juna, ya buɗe ƙofar waya yana kallon jakar.

"Tsoho, kanka ka kawo wa tsawa har gida?" in ji Maigadi.

Samfefa ya ce kada ya rubuta zuwansa a littafi. Maigadi ya ce bironsa ya ƙare tun azumin da bai tuna ba, amma idonsa bai ƙare ba, kuma ba ya son abin da yake gani a sama. Mai Fenti ya matso ya ce shi ya ɓata, a ba shi ɗamarar ya hau.

"Idan ka faɗo, me zan ce wa Auta?" in ji Samfefa yana ɗaure maɗaurin cinya. "Ni idan na faɗo, uwarta ta daɗe da shirya abin da za ta ce."

Ba wanda ya yi dariya. Ya ba Maigadi wani guntun ƙarfe, ya ce ya riƙa ƙirga tsakanin walƙiya da ƙara, idan ta gaza talatin ya buga ƙafar tsani, zai ji a hannunsa. Ya sa hular kwano, ya duba sifana biyu, wuƙa, gwangwanin giris, samfefa. Ya maƙala ƙugiya ta farko.

Hawan ƙarfe ba ya son gaggawa. Ƙugiya biyu ne a jikin ɗamara, kuma ba a cire ɗaya sai ɗayar tana maƙale. A maƙala, a taka uku, a maƙala ta biyu, a cire ta farko. A shekarunsa na farko a aikin yakan kai saman na Bakwai cikin minti goma sha biyu. Yanzu, a ranar da gwiwa ta tashi da fara'a, ashirin. A mita goma ta fara magana. A mita ashirin ya koma ɗaga ƙafar dama kullum ta fara, ta hagu ta biyo kamar wadda aka tilasta wa rakiya. Walƙiya ta farko ta tsaga gabas, ya ƙirga a zuci yana hawa. Arba'in da huɗu. Da saura.

Daga mita talatin gari ya buɗe a ƙarƙashinsa, rufin kwano da tankunan ruwa da shanyar da mata ke ta kwashewa a guje. Gefen gabas ya riga ya ɓace a bayan wani labule mai toka. Iska ta zo da sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta tura shi jikin tsani, ƙarfen gaba ɗaya ya yi wani ɗan lilo da wanda ke ƙasa ba zai gani ba.

Ya kai inda farantai suke, ya zagaya igiyar aiki a jikin ƙarfe, ya jingina da ita, hannayensa biyu suka samu 'yanci. Ga sandar tagulla nan, ja wur kamar yadda aka faɗa, wayoyi shida a jere a kanta, kowace a miƙe, ba ɗigon fenti ko ɗaya a kan korensu. Ko a wannan hali sai da ya yarda a ransa cewa bai taɓa ganin aikin fenti mai tsabta irin wannan ba. Ya sa sifana.

Noti na farko ya kwance ba gardama. Ya jefa shi a baki, domin a sama baki ne aljihun da ba ya zubarwa. Ya ɗaga bakin wayar ya sa samfefa, nan take fenti ya toshe ta, ta koma santsi kamar takardar makaranta. Fenti ne mai tsada, shi da kansa ya zaɓa. Ya ciro wuƙa ya kankare, ja yana fita a naɗe, sai wani shafi a ƙarƙashinsa, sannan tagulla. Ya bi da samfefa har ta yi haske, ya goge bayan bakin wayar, ya lakato giris, ya mayar, ya ɗaure. Ya kai minti huɗu. Ya ninka huɗu sau shida a kansa, bai ji daɗin amsar ba.

Yana kan na biyu ya ƙirga talatin da uku. Yana gama na uku sararin sama ya yi fari, ya kai ashirin da shida ƙara ta iso, kusan tare da bugun Maigadi, wanda ya biyo tsani ya shiga tafin ƙafarsa. Ƙwam, ƙwam, ƙwam. Ya leƙa ƙasa. Mutum biyu ƙanana kamar ƙwayar wake suna ɗaga hannu. Ya ɗaga musu yatsa uku, ko da yake ya san ba za su gani ba, ya juya ga na huɗu.

Waya ta fara rawa a aljihunsa. Ta tsaya, ta sake. Bai duba ba, ya san matarsa ce daga yadda ba ta gajiya. Can sai ta yi shiru, sannan ta ɗauki wani sauti daban, wanda ya sa wa lambar mutum ɗaya tak a duniya. Ya duba titi. Farar motar Injiniya mai buɗaɗɗen baya ta karyo kwana da fitilu a kunne, tana gudun da mai ita ta hana kowa yi. A nan ya san 'yar kwanar nan ta hanya ta uku ta rufe. Ya tsaya daƙiƙa biyu, noti a baki, yana jin ɗanɗanon ƙarfe da giris. Katin ya riga ya tafi. Saura noti biyu da rabi.

Na biyar ya zo da ƙirga goma sha biyu. Haske ya sauya, komai ya koma wani irin rawaya-rawaya, hannayensa kamar ba nasa ba. Maigadi bai daina bugu ba. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan hular kwano da nauyin tsakuwa.

Na shida ya ƙi. Fenti ya shiga zarensa ya bushe. Ya sa sifana ta biyu ya riƙe ta baya, ya ja, ba motsi. Sai ya ji wani abu da ya taɓa ji sau ɗaya a rayuwarsa, ya kuma roƙi kada ya sake: wani siririn zuzu daga tsinin ƙarfen da ke saman kansa, kamar ƙudan zuma a cikin kwalba. Gashin hannunsa ya miƙe. Ya san ma'anarsa, shi da yake koya wa sababbi cewa wanda ya ji wannan ya saki komai ya sauka. Ya dafa ƙafar dama, ya ɗora duk nauyinsa a kan sifana. Notin ya saki lokaci ɗaya, hannunsa ya daki ƙarfe, fatar yatsu biyu ta tafi, sifanar baya ta suɓuce ta yi ƙasa tana karo da sanduna. Bai bi ta da ido ba. Ya kankare da wuƙa, jini da jan fenti suka gauraya har bai san wanne yake gogewa ba. Samfefa sau uku. Tagulla ta fito. Walƙiya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Ya mayar da waya ya ɗaure da sifana ɗaya iya ƙarfinsa. Bai sa giris ba, karo na farko a shekara ashirin da biyu.

Ruwa ya sauko gaba ɗaya. Tsani mai sabon fenti, idan ya jiƙe, sabulu ne. A maƙala, a taka uku, a maƙala, a cire. Zuciyarsa ta ce ya bar ƙugiyoyin nan ya zame kawai, zai rage rabin lokaci. Hannunsa bai saurare ta ba, ya ci gaba da abin da ya saba. A wajen mita goma sha biyar gwiwar hagu ta ce ta gama. Ƙafar ta zame, ya tafi, ɗamara ta cafke shi da wata fizga da ta fitar masa da numfashi. Ya yi lilo, ya daki tsani da kafaɗa, ya rungume shi. Da ya leƙa ta cikin ruwa sai ya ga Injiniya tsaye a gindin ƙarfe, inda dokarta ta hana tsayawa, hular kwano a kanta, ba ta ɗaga hannu, ba ta kira. Kallonsa kawai take. Ya sauko sauran da ƙafa ɗaya da hannu biyu.

Mai Fenti da Maigadi suka ɗauke shi cak zuwa ɗakin gadi. Ba su gama rufe ƙofa ba duniya ta yi fari, ƙara ta zo tare da hasken, ba ko ɗaya da za a ƙirga. Kwanon rufi ya girgiza, butar Maigadi ta faɗo daga kan taga. Na ɗan lokaci ba mai jin kunnensa.

A cikin wannan shirun ne aka san yadda labari ya tafi. Mai Fenti ya kira Auta don ta yi addu'a, Auta ta gaya wa uwarta, uwarta kuwa, wadda ta karɓi lambar Injiniya tun ranar da aka karanta sharaɗi, ta ga ranar amfaninta ta zo.

Injiniya ta cire hula ta matse gyalenta. Ta ɗauko akwatin magani daga bango ta fara naɗe masa yatsu.

"Baba, nawa ka ƙirga na ƙarshe?"

"Shida."

"Bango ya ce nawa?"

"Talatin."

Mai Fenti ya durƙusa ya fara cewa laifinsa ne, shi ya shafa, shi ya kamata a hukunta. Samfefa ya tsayar da shi. Ya ce an ba shi ƙarfe an ce ya shafa, ya shafa, ba wanda ya gaya masa inda zai bari. Wanda ya kamata ya hau ya gani bai hau ba, ya sa hannu daga ƙasa. Ya faɗi wannan yana kallon butar da ke ƙasa. Injiniya ta ci gaba da naɗe yatsun. Ta gama ɗauri, ta ciro waya ta duba shafin da ke nuna lafiyar ƙarafa. Rediyo shida na Ƙarfe na Bakwai, duk kore.

Samfefa ya miƙa wuya ya gani. Wani abu ya saki a fuskarsa.

"Kin ji yadda tsawar ta faɗo mana," in ji shi. "Ga shi kuma kin gani."

Ya kwance ɗamarar da hannu ɗaya, ya naɗe ta yadda yake naɗewa, ƙugiyoyi a ciki. Ya ciro katin daga cikin ledarsa ya ɗora a kai, ya miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu. Ta ce ranar Litinin ƙarfe takwas, makullin sito yana wurin mai shara. Ya ce noti na shida ba giris, a tura wani. Ta ce za a tura. Maigadi ya ce shi dai ya cinye guntun ƙarfe da bugu, kuma ba wanda ya tambayi hannunsa.

Yanzu shekara biyu ke nan yana sito. Ya sa an fasa masa taga. Duk wanda ya zo karɓar ɗamara sai ya haɗa masa da yankin samfefa, ko ya nema ko bai nema ba, kuma ba a ba mai fenti aiki a kamfanin sai ya zauna a gabansa rabin yini. Surukinsa ya shafa ƙarafa huɗu tun daga lokacin, yana zagaye tagulla da wani irin ladabi. Idan gabas ta yi duhu, Samfefa yakan fito ƙofar sito ya tsaya da sandarsa, leɓunansa suna motsi. Matarsa tana ba baƙi labarin ranar, yadda ya gyara noti na ƙarshe saura ƙiris, tsawa ta faɗa kan ƙarfen ta tarar da hanya a share, ta wuce ƙasa ba ta taɓa komai ba. Yanzu muryar tata ta fi karkata ga yabo.

Akwai ɗan abin da ba a kaiwa gare shi idan ana ba da labarin. A ranar, da ruwa ya ɗauke, Injiniya ta ce bari ta duba na'urar ƙirga kafin su tafi. Suka same ta ita ma ja wur, har gilashin. Ta ciro makullin mota za ta kankare, Samfefa ya ce za ta karce gilashin, ya karɓa ya yi da farcensa a hankali. Can bayan gidan mai, mutane sun taru a kan wani dogon itace da ya rabe biyu yana hayaƙi. Na'urar lafiyarta ƙalau, Injiniya da kanta ta gwada ta a farkon shekarar. Shekararta tara a wurin. Tana nuna sifili guda uku a jere, ba ta ƙirga tsawa ko ɗaya ba.